Shiƙar Banza

Ni mace ce mai son yabo, ban taɓa ɓoye wannan ba. Abin da aka fi yabona da shi a ƙauyenmu na gefen Auyo kuwa shi ne shiƙa. In na ɗaga ƙwarya sama na saki shinkafa a iska, tsaba ta zubo gabana, ƙaiƙayi ya yi gefe, to an gama. Mata kan ce ko kaza ta tona ƙaiƙayina da yunwa za ta kwana. Ina jin daɗin maganar nan har cikin raina.

Wadda ta koya mini ita ce aminiyar mahaifiyata, tsohuwar da duk unguwa ke kira Iya. Da mahaifiyata ta rasu, ita ta tsaya mini. Mace ce mai kyauta da faɗa, tukunyarta ba ta sauka sai wani ya ci daga ciki, kuma in ka yi mata godiya ta wuce kima sai ta kore ka.

Shekarar da kogin Haɗeja ya yi mummunar ambaliya, ruwa ya shanye fadamarta ƙaf. Da kwalekwale aka riƙa bi ta kan gonar. Tawa, wadda na gada, tana ɗan kan tudu, sai Allah Ya tsare. Ga Iya da jikoki marayu a gabanta, rumbu kuma wayam. Na cika ƙwarya da shinkafa na kai mata da kaina. Ko buɗe faifan ba ta yi ba.

"Ɗauki abinki, 'yar nan," in ji ta. "Ni ke bayarwa, ba a ba ni."

Na dawo ina kuka don haushi. Na san ta. Sai ta jiƙa ƙanzo ta ba yaran, ita ta sha ruwa ta ce ta ƙoshi.

A wajenmu akwai al'ada. In an buge shinkafa an shiƙe, mai gona ya kwashe buhunansa, tarin ƙaiƙayin da ya rage na kowa ne. Mata kan zo su sake shiƙe shi su tsinci abin da ya tsere, shi ake ce wa kala. Ba roƙo ba ne, gumin mutum ne, kuma Iya ba ta taɓa jin kunyar gumi ba. Matsalar ɗaya ce: ƙaiƙayina ba ya da komai, kowa ya sani.

Ranar shiƙa na tsaya a masussuka, mata na gefe suna tayawa. Na jira iska ta yi ƙarfi, lokacin da mai hankali ke sauke hannu, ni kuwa na ɗaga ƙwarya har ƙarshen tsayina, na karkata ta. Tsaba mai nauyi ta riƙa bin ƙaiƙayi. Wallahi lalata aikin da ka iya ya fi koyonsa wuya. Hannuna sai ya gyara kansa, ina mayar da shi.

Ba a daɗe ba aka fara. "Yau kuma lafiya? Ko maigida ne ya ɓata miki rai?" Wata ta ce tsufa ne ya zo mini da wuri. Wata ta ce dama can yabon ya yi yawa. Wannan ta ƙarshen ta sosa ni, amma na haɗiye, na ce kafaɗa ce ke mini ciwo.

Da la'asar masu kala suka iso, Iya na cikinsu da tsohuwar ƙwaryarta. Ta tsuguna gaban tarin, ta damƙi ƙaiƙayi, ta hura. Tafin hannunta ya cika da tsaba. Ta daɗe tana kallonsa. Na san matar da ta koya mini riƙon ƙwarya ba za ta kasa gane hannuna ba. In ta miƙe ta tafi, ba ni da wata dabara kuma.

Sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Wa ya yi wannan shiƙar banza?"

"Ni ce, Iya."

"Allah Ya jiƙan uwarki, bai nuna mata wannan abin kunya ba."

Mata suka tuntsire da dariya. Ita kuwa ta gyara ɗamara ta kama aiki, tana yi tana mita, har ta cika abin da ta zo da shi ta aika a kawo wani. Sauran masu kalar ma kowa ta samu.

Da za ta wuce, kaya a ka, ta rage tafiya daidai inda nake ɗaure bakin buhu. Ba ta dube ni ba.

"Gobe ki rage," ta ce a hankali. "Mutane ba makafi ba ne."

Iya ta rasu shekarun baya, jikokin nan duk sun girma. Har yau in kaka ta yi, sai an sami mai tsokanata a masussuka, a ce ga mai shiƙar banza ta iso. Ban taɓa gyara musu zance ba. Duk yabon da na sha a rayuwata, babu wanda nake amsawa da sauri kamar wannan.