Bencinan Aro

A farkon shekarun tamanin ina koyarwa a firamaren Nasarawar Burkullu da ƙaramar takardar malanta. Idan aka yi dogon hutun damina sai in ɗaure kayana in nufi Gummi, inda wata babbar kwaleji ta birni ta buɗe reshe don malaman ƙauye su ƙaro karatu. Reshen dai sunansa ya fi shi girma. Ajujuwan wata tsohuwar makaranta ne, rufi yana yoyo, muna zama a kan bulo da tabarmi. Amma ni ina son wurin kamar me. Da hantsi iska kan taso daga fadama da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, malami yana bayani, ni kuwa rabin hankalina yana bayan taga, ina hango kaina shugabar makaranta da jaka a hammata.

Damuwata ɗaya ce, masauki. Maza a aji suke kwana, mu mata kowa ta nemi danginta. Ni gidan gwaggona nake sauka, ga shi ta tsufa, 'ya'yanta sun ce bayan kaka za su mayar da ita Anka. Maigidana ya gaya mini a fili, ban kuma ga laifinsa ba: in babu gwaggo, babu ɗakin kwanan mata a reshen, to karatu ya ƙare. Damina ɗaya ta rage mini in gama.

Ana haka aka ce akantan kwaleji zai zo. Malamar lissafinmu, wata Kirista 'yar kudu mai kaifin baki, ta yi mana bayani cewa wannan ba mai biyan albashi ba ne. Aikinsa shi ne ya zagaya sassan kwaleji, ya ga abin da kowane sashe yake ci da abin da ya rasa, ya tsara kasafin baɗi, ya kai wa manya su zaɓi abin da za a fara. Ta ce yawancin akantoci jiya suke bi, shi wannan gobe yake dubawa. Tun daga ranar na fara gina ɗakin nan a raina. Na sa masa tagogi masu kallon gulbi, na dasa darbejiya a ƙofarsa, har randa na ajiye masa. Da rana tsaka sai in ji kamar ina kwance a ciki, ruwa yana dukan sabon kwano.

Shugaban reshenmu dattijo ne, ɗan garin, mutumin kirki na gaske. Aibinsa ɗaya, ya gwammace ya kwana da yunwa da baƙo ya ga tukunyarsa ba komai. Da jin baƙo zai zo daga birni sai ya tayar da gari tsaye. Aka shafe bango da farar ƙasa, aka aro bencina daga coci, aka rufe ramukan silin da farin yadi. Wani ɗakin ajiya kuwa aka share shi, aka sa labule da gadajen aro don baƙo ya huta. Malamar lissafi ta ce wannan ai yanka wuyanmu muke da kanmu. Shugaba ya yi murmushi, ranar zuwan baƙo ya ɗora ta a kan kula da girki, can bayan makaranta.

Akanta ya iso, dogo siriri, mutumin Filato, mai magana a hankali. Ba irin baƙon da ke zama a ba shi labari ba ne. Ya shiga kowane aji, yana shafa bango, yana zama a benci ya ji ƙarfinsa. Na yi ta addu'a a yi ruwa rufi ya tona mana asiri, amma ranar ko gajimare babu, sama ta yi fes kamar da ita aka haɗa baki.

Muna tsaye da ƙoran fura a hannu ya tambayi shugaba abin da reshen ya fi buƙata baɗi.

"Alhamdu lillahi, ranka shi daɗe. Abin da munka samu ya ishe mu."

"To mata fa, ina suke kwana?"

"Mata suna cikin rufin asiri."

Akanta ya waiwaya ya dubi ɗakin nan mai labule da gadaje, ya gyaɗa kai, ya ɗauka nan muke kwana. A wurinmu kowa ya san in dattijo ya ce alhamdu lillahi a gaban baƙo, sai an ja shi gefe an lallaɓa kafin a ji gaskiyar ciki. Shi wannan bawan Allah a garinsu in an ce ya isa, to ya isa. Mu kuma ba a ƙaryata babba a gaban baƙo.

Kafin ƙurar motarsa ta kwanta an fara kwashe bencina ana mayarwa. Da kasafi ya fito, kuɗin gini ya tafi wani reshe, inda shugabansu ya kama hannun akanta ya nuna masa kowace ɓaraka. Ban taɓa jin haushin akantan ba, abin da aka nuna masa ya yi aiki da shi. Shugabanmu kuwa har yau ina ƙaunarsa, har yau kuma in na tuna shi raina yakan ɓaci.

Bayan kaka aka tafi da gwaggo Anka. Na je Gummi in kwashe sauran kayana, na biya in yi wa shugaba sallama. Na same shi a zaure, fuskarsa cike da fara'a. Tun kafin in gama gaisuwa ya tare ni.

"Ɗiyata, kin jiya? Akanta ya yabe mu gaban manya. Ya ce duk rassan ba wanda ya kai namu tsari."

Na ce na ji, Baba, Allah shi ƙara ɗaukaka. Ya sa mini albarka, ya ce in dawo da wuri da damina kada a fara babu ni. Na amsa da to, na ɗauki ƙunshina na fita. Da ƙaramar takardar nan na yi ritaya.