Daren Santambul a Bakin Alhazai

Ban taɓa taka Santambul ba, amma akwai lokacin da na san wuraren da baƙo yake zuwa a garin nan in rana ta faɗi fiye da yadda na san lungunan unguwarmu. A bakin alhazai na koya, ina zaune gaban kaskon ƙosai a Jidda, kuma ba don sha'awa ba. Mijina nake nema.

A unguwar Nuzla muke a lokacin, cikin ɗakin katako da kwano, ni da shi da 'ya'yanmu mata biyu. Dukanmu Hausawan Sudan ne, daga Gadarif muka ƙetaro. Shi aikinsa dafa gahawa a gidan wani attajiri mai shigo da yadi, wanda kuma shi ne kafilinsa, mai tsaya masa kan takardun zama. In zafi ya tsananta masu kuɗin Jidda ba sa zama, wasu su hau Ɗa'ifa, wasu su yi Misira. A shekarar nan attajirin ya ce shi Santambul za shi, kuma ba zai sha gahawar kowa a can ba sai ta mijina. Mijin nawa ya shigo gida bakinsa har kunne. Ni kuma, sakara, na zauna na wanke masa kaya, na daka masa yaji, har ina yi wa maƙwabta fankama.

Da iska ta fara sanyi attajiri ya dawo da matansa da akwatunansa, babu mijina. Sai a bakin direban gidan na ji ba da shi aka dawo ba. Na ɗauki mayafi na tafi gidan, aka bar ni tsaye a ƙofa har ƙafafuna suka yi tsami kafin attajirin ya fito.

Na ce, "Ya sidi, ina uban 'ya'yana?"

Ya ce, "Ya fita da dare bai dawo ba. Mun gaya wa 'yan sanda, mun duba asibiti. Halas, abin da zan iya ke nan."

Na ce, "Ina ya ce za shi?"

Ya ce, "Inda baƙi suke zuwa da dare."

Na ce to ina ne nan ɗin. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wannan ba maganar mata ba ce, ya shige ciki.

Na je wurin alƙali. Dattijo ne mai haƙuri, bai kore ni ba, amma abin da ya faɗa ya fi kora ciwo. Ya ce in na kawo shaidar mijina ya mutu, sai in yi takaba in fita. In na kawo shaidar yana raye ya yi watsi da mu, zai raba auren. In babu ko ɗaya, sai in jira shekara huɗu. Haka na fito, ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. Iƙamata, takardar izinin zama, da ta yara a ƙarƙashin tasa suke, ko motar 'yan sanda na hango sai in shige lungu. Ba wanda zai aure ni, ba wanda zai yi mini ta'aziyya. Mata in sun shigo ba su san gaisuwar da za su yi mini ba, sai su ce ya zafi, su fita.

Shi ya sa da aikin hajji ya matso na ɗauke kaskona daga bakin layinmu na kai shi masaukin alhazai na kusa da tashar jirgin ruwa, na kafa shi daidai inda ake sauke Turkawa. Lissafina mai sauƙi ne. Mutanen garin ne suka zo da ƙafarsu, cikin wannan taro ai ba a rasa wanda ya ga baƙin mutum guda ba. Kuma akwai 'yan kudancin ƙasarsu da suke jin Larabci, ni ma Larabcin kasuwa bai gagare ni ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne su waye nake tambaya. Tsofaffi ne masu farin gemu, sun sayar da gona sun zo neman gafara, ga wata Takaruriya, kamar yadda ake kiran irinmu baƙaƙe a can, da ludayi a hannu tana tambayarsu gidajen rawa. Na farkon da na tara ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, ya ce yana shirin ɗaura harami. Na ce to, bari su sauko daga Arfa. Da suka sauko kuma sai suka ce yanzun nan aka wanke su, kada in ɓata musu. Na rasa lokacin da ya halatta a tambayi alhaji. Wani har ya tofa mini addu'a a ka, ya ɗauka aljanu ne.

Amma na lura da wani abu, kuma har yau in na tuna sai na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Wanda ya fi saurin cewa a'uzubillahi, shi ne yake sake zagayowa ya sayi ƙosai. Sai ya tsaya yana kallon wani wuri, ya ce shi dai bai taɓa zuwa ba, amma ya ji an ce akwai lambunan shayi a bakin ruwa, inda ake zama har da iyali ana kallon fitilun jirage. Wani ya ce akwai silima marar rufi da ake yi da bazara. Wani ya ce baƙi suna son shiga ƙaramin jirgi a zaga da su tsakanin gaɓa biyu ana kiɗa. Kowa ya ji an ce ne, ba wanda ya je. Kuku na wani jirgi ne kaɗai ya faɗa mini kai tsaye cewa akwai mashaya a lunguna inda ake cin kifi ana shan wani farin abu, akwai kuma na ƙarƙashin ƙasa inda ake tatse baƙo a wurgo shi waje. Bai gama ba ya kawo mini maganar banza, saura kaɗan in watsa masa mai.

Na koma gida da wannan tarkace a kaina. Ina kwance ina raba mijina wuri wuri. In na ajiye shi a lambun shayi sai in ji haushi, in na kai shi ƙarƙashin ƙasa sai in ga gawa a lungu, in tashi zaune. Na yi kuka a shekarar nan har idona ya daina kawo ruwa. Ina roƙon Allah ya sa yana raye, can kuma in kama kaina ina roƙon ko ma mene ne dai in sani.

A hajji na biyu na sake kafa kasko a wurin. An gama aiki, alhazai suna jiran jirgi. Akwai wata tsohuwa Baturkiya da take zuwa kullum bayan la'asar ta zauna a kan gwangwanin man da nake ajiyewa, ta sayi gyaɗa tana ɓarewa a hankali. Ɗanta ne ya kawo ta, wani malamin makaranta mai tabarau, da yake lallaɓa ta kamar ƙwai. Ranar nan ya tafi layin fasfo, sai ta ji ina yi wa wani alhaji tambayata. Da ya gudu ta yi dariya ƙasa ƙasa.

Ta ce da Larabci, "'Yata, ba su za ki tambaya ba. Su biya suke yi su zauna a gaba. Ni ce nake tsayawa a kan dandamali."

Ashe mawaƙiya ce. Ta ce ana kiran wuraren gazino, manyan zauruka ne masu tebura da fitilu, makaɗa a jere, mawaƙa suna fitowa bi da bi, ƙanana da wuri, babba a ƙarshe. Ta ce duk baƙon da ya shigo garin da kuɗi a aljihu, musamman Larabawa, can direban tasi yake fara kai shi. Da muryarta ta tafi sai ta koma bayan labule tana gyara wa 'yan mata kaya, har bara. Tana ba ni labari tana lumshe ido, yatsunta suna kiɗa a kan gwiwa. Ban ga alamar tuba a fuskar nan ba, kewa na gani.

Na ce, "Hajiya, baƙin mutum fa, dogo, mai dafa gahawa?"

Ta buɗe ido. Ta kai hannu ta kama kunnenta na hagu, ta yi alamar tsaga.

Ludayi ya faɗi daga hannuna. Tun yana yaro ƙahon saniya ya tsaga masa kunnen hagu, kuma ban taɓa faɗa wa ko alhaji ɗaya ba.

Ta ce yana nan a gazinon da ta bari. Sun sa masa jar hula da 'yar shara mai ado, yana tsayawa a bakin ƙofa, in dare ya yi nisa ya zaga tebura da butar gahawa yana kaɗa finjalai, 'yan kofunan shanta. Ta ce mutane suna sonsa, har hoto suke ɗauka da shi, ya yi ƙiba, ya iya yarensu.

Na ce, "Bai taɓa maganar gida ba?"

Ta murza ɓawon gyaɗa. Sai ta ce, "Cewa yake ba shi da kowa."

Ƙosan da ke cikin kasko ya ƙone ƙurmus ina kallo. Shekara biyu ina roƙon a ce mini yana raye, yau an faɗa, sai na ji da gawarsa aka kawo mini da ya fi mini sauƙi. Amma ban tsaya kuka ba, don na ga ƙofa ta buɗe. Na kama hannunta na ce gobe da safe mu je wurin alƙali, ta maimaita abin da ta faɗa, in bai isa ba a nemi wani a cikin jirginsu ya ƙara. Nan take ta fizge hannunta.

Ta ce, "Alƙali zai tambaye ni a ina na gan shi. Ɗana a wurin yayata ya tashi, a wani gari. Shi a saninsa ɗinki nake yi. Da albashinsa ya kawo ni nan."

Na roƙe ta da Allah, na roƙe ta da ɗakin Allah da ta zaga. Na ce yarana biyu ne, ba su da takarda, ba su da uba. Ta ce ta yi kuskure da ta buɗe baki, ta tashi ta bar gyaɗar a kan gwangwani.

Washegari jirginsu zai tashi. Ban kunna wuta ba, na tsaya a bakin ƙofar tasha tun da sassafe, har suka fito a layi da jarkokin zamzam da ƙullin dabino. Da na hango ta na kutsa cikin mutane na riƙe gefen rigarta. Ɗan ya juyo ya tambaye ta wace ce wannan. Da Larabci ya yi tambayar, don in ji.

Ta ce, "Mai bara ce."

Ya laluba aljihu ya miƙo mini sadaka, da ladabi kuwa, har yana ce mini hajiya. Yana jin Larabci sarai. Magana guda ce a bakina, in na faɗe ta a gaban mutanen garinsu to na gama da tsohuwar nan har ta mutu, kuma wataƙila dole a tsaya a saurare ni. Na dube ta. Ta ƙanƙame hannun ɗanta da hannu biyu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne Allah ya karɓi ibada. Ɗan ya ce amin, askari ya ce yalla, layi ya ci gaba. Har yau ban sani ba ko tausayi ne ya hana ni ko tsoro.

Na koma wurin alƙali ni kaɗai na kwashe duka na faɗa masa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya yarda ba ƙarya nake ba, amma an ce ba shaida ba ce. Na ƙara hajji biyu a bakin tashar nan ina tare Turkawa, yanzu har da sunan wurin a bakina, ban sami wanda ya yarda ya taɓa wucewa ta ƙofarsa ba.

Da wa'adi ya cika alƙali ya yanke hukunci cewa mijina ya mutu, ya ce in shiga takaba. Na cire awarwaro, na daina sa kwalli, na zauna a ɗaka wata huɗu da kwana goma. Matan Nuzla da suka daɗe ba su san abin da za su ce mini ba, sai ga su sun cika ɗaki da kwanukan abinci, kowa ta sami gaisuwa. In an kira magariba ina zaune a kan tabarma, na san a can an fara kunna fitilu, yana gyara jar hularsa a bakin ƙofa. Su ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni kuma in ce amin.