Igiyar Jirgi da Birkin Babur Ɗina

Duk garinmu Wara babu wanda bai ba ni shawara a kan babur ɗin nan ba, har waɗanda ko keke ba su taɓa mallaka ba. Na hannu ne, a Yelwa na saye shi, kuma birkinsa ne ya ja ni, irin wanda ake kira ABS. Ko ka damƙe shi da ƙarfin tsiya taya ba ta kafewa ta ja ka ƙasa, sai dai ka ji yana ɗan karkarwa a hannunka har ka tsaya. Saboda Inna na nemi irinsa. Duk wata sai an kai ta asibiti a Yelwa an duba idonta, motar haya kuwa jiri da amai take sa ta, har ta ce ta daina zuwa. Da ƙyar na lallashe ta ta yarda da bayana, bayan na yi mata alkawarin cewa wannan ba ya kayar da mutum.

Muna cikin haka lafiya lau, sai bikin suna ya kai ni ƙetaren ruwa. Masu jirginmu suna da yadda suke loda babur tun fil azal: a tura shi ciki, a zura igiya ta cikin tayar gaba, a naɗe ƙafar babur da ita, a taka da ƙafa a ja har sai ta yi ƙara. Baburan da suka saba ɗauka babu komai a wurin sai ƙarfe. Nawa kuwa akwai wata siririyar waya da ta gangara ta nan, ita ke gaya wa birki yadda taya ke juyawa. Na ce wa mai jirgin ya bi a hankali.

Ya ce, "Malam, babur nawa muka ƙetare da su ga ruwan ga? Zamna abinka."

Na zauna abina. Da muka sauka na tayar, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabana ta ƙi mutuwa. Sai da na isa gida na duƙa na ga abin da ya faru. Igiya ta tsinke wayar, shi kuma bawan Allah ya gani, ya haɗa bakin biyu ya ƙulle da zaren koma, ƙulli mai kyau irin na masunta, bai ce mini uffan ba. Na san da zuciya ɗaya ya yi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don babu wanda zan yi wa faɗa.

Daga nan na shiga hannun makanikai. Na farko ya dubi fitilar, ya yago baƙin salatif ya manna a kanta, ya ce, "To, ta mutu." Wallahi sai da na yi ta'awizi kafin in iya magana. Na biyu ya ce a ciro akwatin ABS ɗin gaba ɗaya a yar, wai kayan ƙyale-ƙyale ne. Na uku, a Yelwa, ya gwada haɗa wayar ta ƙi, ya ce ɗan kan wayar da ke jikin taya ma ya fashe, sai an aiko da sabo daga Kano. Ya ƙara da cewa, "Birkinka na nan, yana kamu." Gaskiya ya faɗa, a kan kwalta yana kamawa, ABS ɗin ne kawai ba ya aiki. Amma tsakanin gidanmu da kwalta akwai burji da yashi.

Ranar asibiti ta zo, kaya bai iso ba. Na gaya wa Inna halin da ake ciki, ta ce mu tafi sannu, Allah na nan. Muna tafiya kamar masu rakiyar hawainiya, sai ga tunkiya ta faɗo hanya daga cikin gero. Hannun da ya saba damƙa bai tsaya shawara da ni ba. Tayar gaba ta kafe, ta zame a yashi, muka kwanta gefe ɗaya.

Inna ba ta karye ba, gwiwar hannu kawai ta kuje. Ta miƙe ta karkaɗe zanenta, ta laluba fuskata tana tambaya, "Ba ka ji ciwo ba dai?" Na ce a'a. Ta ce, "To maishe ni gida. Da ƙahwa." Na tura babur tana riƙe da gefen rigata har ƙofar gida, ina jin kamar in cinna masa wuta.

Kaya ya iso daga baya, aka ɗaura, fitila ta mutu mutuwar gaske. Na zo da murnata na gaya mata, ta ce madalla, Allah shi tsare, amma ita kam ta gama. Na kawo ƙannena, na kawo limamin unguwa, na ce to ko mota ce a daure, duk ta ƙi. Maganin ɗigon idon da ake ba ta a asibiti ya ƙare, ba a sake auna idon ba.

Har gobe in na ga ana taka igiya a bakin ruwa raina ɓaci yake yi. Jiya da hantsi na shiga gaishe da Inna, tana zaune a tabarma tana fuskantar ƙofa. Na tsaya a gabanta, rana tana haska ni sosai, ta ɗaga kai ta ce, "Wa na nan?"