Sha-mai ya riga mu

Mun tashi da asuba daga Dembe, ni da gwaggona, a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, muka yi kudu neman gyaɗa. Shekara talatin gwaggo na matsar mai, amma bana duk gyaɗar da ta shigo gari lami ce, ba mai a cikinta. Ɗanta, yayana, ya ce in tafiyar nan ba ta yi ba, ta haƙura ta zauna ya ciyar da ita. Ita kuwa ta tsani zaman jiran a ba ta.

Kwalta ta raka mu har Gelendeng, daga nan ramuka suka karɓe mu hannu bibbiyu. A Bongor muka ci kifi, gwaggo na ci tana kushe man da aka soya shi. A kasuwar garin na fara ganin mai laifin, sha-mai. Ɗan ƙwaro ne siriri, bai kai ƙwayar wake ba, ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo a fiffike, ga dogayen ƙafafu, ga gudun tsiya. Bakinsa kamar allura, ta ɓawon gyaɗa yake zuƙe mai. Wani tsoho ya ce ya gan shi a Garwa da Maraɗi, har Sudan lokacin da ya bi hanyar Makka a ƙasa. Duk da haka muka ci gaba da tafiya.

A wani ƙauye bayan Kelo muka dace. Gwaggo ta murtsuke ƙwaya a farce, mai ya tsatso, har ta yi guɗa, muka sayi buhuna. Sai zazzaɓi ya kwantar da ita, muka yi mako biyu. Ni da wayona na birni na sa aka jibge buhunan a gindin bishiya, na lulluɓe su da harawa kada rana ta taɓa su. Ashe ɗaki na gina wa sha-mai.

Da muka dawo gida ta soya, ta daka, ta yi ta matsa tun hantsi har azahar. Ko rabin kwalba bai taru ba, shi ma da ɗaci. Ta goge hannu ta ce, "Ke 'yar nan, kira mini yayanki. Ce masa na haƙura."

Na koyi cewa ba a tsere wa sha-mai da mota, kuma taimakon wanda bai san sana'a ba ya fi ƙwaro ɓarna. Ba ta taɓa ce mini laifina ne ba. Da ta faɗa, da na ji sauƙi. Har yanzu masu sayen mai na sallama da kwalabensu, ni nake fita in ce musu ta daina.