Kawu da Amalanke a Gindin Tudu

Har yau in na ji kukan ƙafar amalanke da ba a sa wa mai ba, ƙiii-ƙiii, sai gabana ya faɗi. Kada ku yi mini dariya, ni da jikoki. Abin ya samo asali ne tun ina yarinya, a ƙauyenmu da ke bayan Tsauni.

Tsakaninmu da hanyar Matamaye akwai wani tudu mai jan dutse. Daga kansa ana hango komi, har farin rairayin da hanya ta ratsa. A lokacin ba salula ba mota, saboda haka mutanenmu suna da wata al'ada. In an kai mara lafiya gidan likita, ranar dawowa mai tuƙi shi ne labari. In ya zo zaune bisa amalanke, an samu sauƙi. In ya zo a ƙasa yana jan san amalanken da igiya, to a shimfiɗa tabarmin gaisuwa.

Wata bazara haihuwa ta gardama wa Inna. Baba yana Kano wurin cin rani, ungozoma ta yi iya yinta ta kasa. Kawuna, ƙanen Inna, ya ɗaura wa jan sanmu amalanke, aka shimfiɗa mata katifa, suka nufi matanite, asibitin haihuwa, a Matamaye. Aka bar ni da Kaka, wadda ta haifi Inna.

Kullum bayan azahar sai mu hau tudun. Kaka ga ciwon gwiwa, amma in na ce ta zauna gida sai ta harare ni. Dutse ya yi zafi kamar tanda, iska ba ta motsi, tuwo ma ya daina wuce mini. Duk amalanken da ya ɓullo sai in miƙe tsaye, ashe masu dawowa daga kasuwa ne.

Ranar da muka hango jan sanmu, sai na ƙura wa amalanken ido. Kawu yana ƙasa, riƙe da igiya. Kaka ta fara salati. Kafin ta kai ƙarshe sai muka ga ya haye ya zauna. Na yi tsalle na buɗe baki zan yi guɗa, sai ga shi ya sake sauka. Haka ya yi ta yi, ya hau, ya sauka, kamar wanda ya zautu.

Kaka ta dafa kafaɗata. Ta ce, "Bai san yadda zai faɗa mana ba ne. Rai biyu ya tafi da su, ɗaya ya kawo."

"Wanne, Kaka?"

Na gangara da gudu, ƙaya na sukata ban ji ba, kallabina ya faɗi ban waiwaya ba. Na wuce Kawu ban ko kalli fuskarsa ba, na kama gefen amalanke. Zane ne lulluɓe, ba motsi. Can sai muryar Inna ƙasa-ƙasa ta ce, "Ke, wa ya ce ki fito kai ba ɗauri?"

Ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba. Jaririn kuwa can Matamaye aka rufe shi.

Yanzu kowa da waya a aljihu, labari yana riga mai shi isowa, awaki kaɗai ke hawa tudun. Matamaye ta cika ta batse, na tambaya na gaji, ba wanda ya iya nuna mini inda ƙanena yake. Shi kaɗai ne namijin da Inna ta haifa. Har ta koma ga Allah, in za mu Zandar, mota ta shiga Matamaye, sai ta yi shiru ba ta ƙara magana sai mun fita daga garin.