Kwabo Mai Ido

Shekarata ta uku ina karatu a jami'a a Madina, ina haya a Aziziyya, na tsunduma cikin tara tsofaffin kwabban ƙasashe. Duk wanda na samu sai na ɗora masa takarda, na goga fensir har zanensa ya fito, na liƙa a littafina, sannan na ja layuka gida-gida na rubuta nauyinsa da faɗinsa.

Wani alhaji Ba'amurke ya ba ni guda. Ya ce na mutanen Mormon ne, wata ɗariƙar addini a Amurka, waɗanda suka ƙera kuɗin zinariyarsu bayan sun yi ƙaura zuwa hamada. Wannan kuwa daga baya aka sake buga shi da tsohon ƙarfen buga kuɗin nasu, ba a cika samun irinsa ba. Gefe ɗaya hannaye biyu ne suna musafaha, ɗaya gefen ido ne a buɗe.

Wata Alhamis bayan la'asar mai gidan hayarmu ya shigo duba famfo, littafin yana buɗe a wannan shafi. Ya dubi idon, ya dubi gidajen da lambobinsu, ya dube ni. Ya fita bai taɓa famfon ba.

Sai a lokacin na fahimci abin da ya gani: baƙin mutum da hatimi. Tuhumar sihiri a garin nan ba a kan ƙwace iƙama, takardar izinin zama, kaɗai take tsayawa ba. Na ɗauki kwabon da littafin.

Na garzaya unguwar Ƙiblatain wurin wani dattijo maƙerin zinariya, wanda kakanninsa suka zo daga Kano da ƙafa. Na kwashe labari na faɗa masa.

"Baba, ilimi ne. Zan yi wa hukuma bayani."

"Da wannan Larabcin naka na littafi, ya waladi? Kafin ka kai ƙarshen jumla an gama da kai. Ni da nake ɗan ƙasa ba zan ajiye shi ba. Miƙo."

Ya jefa kwabon a wuta ina kallo har idon ya narke. Sannan ya nuna littafin. Ban taɓa yage shafi ba tun ina firamare. Na yage.

Washegari mai gidan ya dawo da wani mutum da bai gabatar mini ba. Mutumin ya bi littafin shafi-shafi, ya daɗe a kan guntun takardar da ya rage a jikin ɗinki, yana shafa shi da yatsa. Ya rufe, ya yi sallama.

Na kammala karatuna. Har yau ina jin takaicin cewa na ɓoye abin da ba laifi ba ne.