Matar da Ke Ɗibar Ruwan Kwata

A bayan rumfunan masu kaji, inda kwata ke tafiya da jini da gashi, wata mata tana tsugune. Ta tattare farar rigar aikinta tsakanin gwiwoyi, hannayenta cikin safar roba. Tana ɗibar ruwan a ƙananan kwalabe a hankali, kamar mai awon turare.

Mai kaji yana ɓare kafso yana zazzagawa a ruwan 'yan tsakinsa, lafiyayye da majinyaci kowa ya sha. Ya leƙo yana dariya.

"Likita, yau ma miya za a yi da shi?"

"Kai dai rage kafson nan," in ji ta. "Ƙwayoyin cutar kwatar nan sun sha shi har sun daina tsoronsa. Garin azurfa muke gwada musu yanzu, mai laushin da ido ba ya gani, yana huda jikinsu."

"Yana kashe su?"

"A kwalba dai yana kashewa."

Ni kuwa ina tsaye a gefe ina kallonta. Idanunta na wadda barci ya yi wa ƙaura ne. Raina yana ba ni akwai wani nata kwance a asibiti, allura ta daina yi masa aiki.

Ta miƙe, idonta ya sauka kan ƙafata, inda bandejin gyambona ya jiƙe da ruwan da na taka.

"Baba, magani kala nawa ka sha?"

"Huɗu, 'yata."

Ta buɗe jaka, ta zaro sabuwar kwalba da tsinken auduga, ta tsuguna gaban gyambona.